HAƘURI DA NEMAN MAGANI: TARIHIN YADDA BAHAUSHE YA ƊAUKI CUTAR ZUCI DA TA HANKALI

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan lafiya da wasu 'yan boko, cewa wai Bahaushe ba ya yarda da neman magani idan abin da ke damunsa a zuci yake ko a hankali, domin al'adarsa ta hore shi da ya yi haƙuri ya yi shiru. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan magana da ma'aunin tarihi. Za a duba matsayin haƙuri a tunanin Bahaushe, da hanyoyin da al'umma ta tanada don tallafa wa mai haƙurin, da masu maganin da ake kai kuka wurinsu, sa'an nan a bi sauye-sauyen da jihadi da mulkin Turawa da zamanin 'yancin kai suka kawo. Abin da ake son nunawa shi ne, Bahaushe bai taɓa ƙin neman magani ba. Abin da yake gudu abu biyu ne, watau sunan "mahaukaci" da kuma tonon asirin gida a gaban bare, kuma kowanne daga cikinsu yana da nasa tarihin.

2.0 Matsayin Haƙuri

Babu shakka haƙuri yana cikin manyan ginshiƙan tarbiyyar Bahaushe. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya buga a 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su, kuma haƙuri da hankali da kunya da mutunci duk suna ciki. Karin magana ma shaida ne: "Haƙuri maganin zaman duniya", "Mahaƙurci mawadaci", "Mai haƙuri yakan dafa dutse", "Wuya ba ta kisa". Tun yana ƙarami ake koya wa yaro dauriya. Wanda bai yi kuka a hannun wanzami ranar kaciya ba yabonsa ake yi. Mace mai naƙuda ana son ta cije, musamman a haihuwar fari, kada a ji muryarta a waje. Uba kuwa da aka yi wa rasuwar ɗa ana sa ran ya zauna a ƙofar gida ya karɓi gaisuwa ba tare da an ga hawayensa ba.

To, amma wanda ya tsaya a nan ya ga rabin abin ne kawai. Harshen da ya yabi haƙuri shi ne kuma ya tanadi kalmomi masu yawa na rarrabe abin da ke cin mutum a ciki. Akwai damuwa da ɓacin rai da baƙin ciki da takaici da ƙunar zuci da zullumi da fargaba da kewa, kuma kowace kalma da inda ta dosa. A ɓangaren hankali akwai ɗimuwa da ruɗewa da zautuwa da taɓuwa da motsi, kafin a kai ga hauka tuburan. Har ila yau Bahaushe yana cewa wane "ya haɗiyi zuciya" ya mutu, watau ya san cewa baƙin cikin da aka danne yana iya kisa. Yana cewa "Labarin zuciya a tambayi fuska", kuma "Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa". Ma'anar waɗannan ita ce, idan an ɗora wa mai damuwa nauyin yin shiru, to an ɗora wa na kusa da shi nauyin lura da shi ba sai ya faɗa ba. Nauyin biyu tare suke tafiya.

3.0 Abubuwan da Ke Tallafe da Haƙuri

Idan aka duba zaman Hausawa na gargajiya, za a ga kusan duk wani lokaci na tsanani an yi masa tanadin jama'a. Wanda aka yi wa mutuwa ba a barinsa shi kaɗai: ana zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, maƙwabta su ɗauke wa gidan dafa abinci. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, tsofaffin mata suna kewaye da ita. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in ko fiye a hannun uwa ko kaka ko gwaggo. Wannan lokaci na bayan haihuwa shi ne likitocin yau suka tabbatar mace ta fi zama cikin haɗarin shiga matsananciyar damuwa. Matar da zaman aure ya ƙuntata wa tana da ƙofar yaji, mijin kuma ya bi ta da biko, manya su zauna su ji ta bakin kowa.

Ban da waɗannan akwai dangantakar da aka ƙulla musamman don a sami wurin sauke abin da ke ciki. Mace tana da ƙawa, namiji yana da amini, kuma abin da ba a iya faɗa wa uwa ko uba saboda kunya ana faɗa musu. A tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, an ga yadda ƙawance yake da ƙa'idoji da kyaututtuka da haƙƙoƙi kamar na dangi. Haka kuma wasan da ke tsakanin jika da kaka, ko tsakanin taubasai, yana ba mutum damar furta magana mai nauyi cikin raha ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Ga kuma dandali ga matasa, da majalisar ƙofar gida ga magidanta.

Saboda haka idan dattijo ya ce wa mai damuwa "yi haƙuri", a da ba sallamarsa ya yi ba. Kalmar tana zuwa ne tare da zama da abinci da rakiya da sulhu. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe kafin a shiga maganar masu magani.

4.0 Boka da Ɗan Bori da Malam

Idan abin ya wuce na lallashi, Bahaushe yakan nemi sanadi. Yana iya cewa shafar iska ce, ko sammu, ko kurciya da aka yi wa mutum ya bar gari, ko gado, ko yawan tunani, ko kuwa jarrabawa ce daga Allah. Kowane sanadi da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Boka yana ba da saiwa da sassaƙe da turaren hayaƙi. 'Yan bori kuwa suna da tsari mai faɗi, wanda A. J. N. Tremearne ya rubuta a kai a 1914, J. H. Greenberg ya yi nazarinsa wurin Maguzawan Kano ya buga a 1946, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi a yankin Maraɗi ta buga a 1972, Fremont Besmer kuma ya buga nasa a 1983. A wannan tsari kowane iska na birnin Jangare yana da halinsa da irin cutar da yake sa wa mutum: Sarkin Rafi an san shi da hauka, Ɗan Galadima da almubazzaranci, Inna da shanyewar jiki. Wanda iska ya kama ana yi masa girka na kwanaki, da kiɗan garaya ko goge, har a daidaita tsakaninsa da iskan, ya zama doki ko goɗiyarsa.

Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yi hukunci a kan aƙidar bori, malaman addini sun riga sun yi. Abin lura ga mai nazarin al'ada shi ne abin da tsarin yake yi wa majiyyaci a idon jama'a. Na farko, yana ɗauke laifi daga kansa da kan danginsa, domin cutar daga waje ta zo. Na biyu, yana ba shi bakin magana: matar da kunya ta hana ta faɗin abin da ke ranta, idan iska ya hau ta sai ya faɗa, kuma dole a saurara. Na uku, yana sa shi cikin ƙungiya mai shugabanni, irin su Sarkin Bori da Magajiya, wadda za ta ci gaba da kula da shi.

Malam shi ma yana da nasa hanyoyin: rubutun sha da tofi da laya da addu'a da umarnin yin sadaka. Amma kafin ya ɗauki allo sai ya saurari mai kuka a zaure, su biyu, ya yi masa nasiha da ƙissoshin Annabawa, kamar baƙin cikin Annabi Yaƙubu a kan Yusufu, da jarrabawar Annabi Ayuba, da shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Hadiza da Abu Ɗalib, wadda malaman tarihi suka kira shekarar baƙin ciki. Ta wannan hanya mai damuwa yakan gane cewa baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Ashe ke nan zama a gaban wani masani a zayyana masa damuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

5.0 Zamanin Jihadi

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804 ya yaƙi bori a matsayin shirka, amma shugabanninsa sun gane cewa ba a raba mutane da abin da suke dogara da shi sai an ba su madadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai da dama a kan ilimin magani, har da na basur da na ciwon ido. Nana Asma'u (1793–1864) ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tattara falalar surorin Alƙur'ani da irin larurar da ake karanta kowace dominta, ta jiki da ta zuci. Ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta su koyi karatu su koma su koyar. Masu nazarin rayuwarta, musamman Jean Boyd, sun nuna cewa malfar da ake naɗa wa jaji irin ta Innar Gobir ce, shugabar bori a tsohuwar daular. Watau an riƙe siffar shugabancin da mata suka saba da shi, aka sauya abin da ke ciki.

Wani abin da ya kafu sosai a wannan zamani shi ne hukuncin fiƙihun Malikiyya game da mahaukaci. Shari'a ta ɗauke masa alƙalami, ba a kama shi da laifi kamar mai hankali, kuma ana naɗa masa waliyyi mai kula da dukiyarsa. Wannan rahama ce. Sai dai kuma hauka yana cikin aibobin da ake iya warware aure saboda su, tare da kuturta da albaras. Da wannan hukunci ya haɗu da al'adar binciken asali kafin aure, inda ake tambaya ko akwai hauka ko kuturta ko sata a dangi, sai ciwon mutum ɗaya ya zama abin da zai iya hana 'yan'uwansa mata aure. A nan ne tushen ɓoyo yake. Iyalin da suka killace ɗansu a ƙuryar gida, ko suka kai shi wurin wani malami a gari mai nisa, magani suke nema, amma suna neman sa ta hanyar da asirin gida zai rufu. Wanda ya yi tsanani har yana duka, akan sa shi a turu ko a mari.

6.0 Zuwan Turawa da Gidan Mahaukata

Turawan mulki sun buɗe gidan tsare mahaukata a Kalaba a 1904, da na Yaba a Ikko a 1907, suka kafa dokar mahaukata a 1916. Dokar ta ba likita da majistare ikon tsare mutum, kuma damuwarta ita ce kiyaye zaman lafiyar gari, ba warkar da majiyyaci ba. A jihar Arewa yawanci a gidan yarin En'e ko wani sashe da ke jingine da shi ake ajiye irin waɗannan mutane. Rahoton da Dokta Cunyngham Brown ya rubuta a 1938, da wanda J. C. Carothers ya rubuta a tsakiyar shekarun 1950, duk sun nuna ƙarancin magani da ma'aikata a waɗannan wurare.

Abin da talaka ya gani da idonsa ke nan: wanda aka kai "gidan mahaukata" ɗan doka ne ya kai shi, tare da ɓarayi aka kulle shi, kuma ba safai yake dawowa ba. Wanda ake kaiwa kuwa shi ne wanda ba shi da kowa, ko wanda ya gagari danginsa. Don haka kai mutum can ya zama shaidar cewa gidansu sun kasa, abin kunya biyu ke nan a haɗe. Wannan tabo bai goge ba ko da aka mai da wuraren asibitoci na sosai. Har yau a Kano idan aka ce wa mutum "sai Dawanau", ko a Sakkwato aka ambaci Kware, an san zolayar da ake nufi, kamar yadda Yarbawa ke yi da sunan Aro.

Wanda ya fara gane wannan matsala a cikin likitocin ƙasar nan shi ne Thomas Adeoye Lambo (1923–2004). Da ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro kusa da Abekuta, sai ya fara wani tsari a 1954: maimakon a kulle majiyyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa karɓar magani da rana, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A daidai wannan lokaci ne magungunan kwantar da hauka na zamani suka fara fitowa daga Faransa. Tsarin Aro ya yi suna a duniya, Lambo kuma ya kai matsayin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da ke ciki ya shafe mu kai tsaye, domin abin da ya yi shi ne ya mayar wa majiyyaci da dangi da maƙwabta, watau abubuwan da muka lissafa a sashe na uku.

7.0 Bayan 'Yancin Kai

Dokar 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958, ita ta ci gaba da aiki fiye da shekara sittin bayan samun mulkin kai. An sami asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri, ga na Jihar Kano a Dawanau, kuma a 1991 gwamnati ta fitar da manufar shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya matakin farko. Duk da haka likitocin fannin sun kasance 'yan ƙalilan, kuma a manyan birane suke.

A wannan tsakanin abubuwan da ke tallafe da haƙuri suka yi ta raguwa. Babban gida na gandu ya watse, ma'aikaci ya ɗauki matarsa zuwa gidan haya a garin da ba ta da uwa ba ta da ƙawa. Dandali ya mutu a yawancin garuruwa. Bori ya ja da baya ƙwarai saboda wa'azi. A gurbinsa, tun daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka yi ta samun faɗuwar 'yan mata a makarantun sakandare na Kano ana cewa aljanu ne, ruƙiyya ta bunƙasa, aka buɗe cibiyoyin maganin Musulunci a unguwanni. Kalmar "yi haƙuri" dai tana nan a bakin kowa, amma sau da yawa ita kaɗai take zuwa, babu zaman, babu rakiyar. Haƙurin da a da jama'a ke taya mutum ɗauka ya koma kansa shi ɗaya.

Wani bincike da M. Kabir da abokan aikinsa suka yi a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, aka buga a 2004, ya ba da haske a nan. Sun tambayi manya 250. Sanadin taɓin hankali da aka fi ambata shi ne shaye-shaye, sai hukuncin Allah, sai sihiri da iskoki. Da aka tambaye su inda suka fi son a kai majiyyaci, kusan rabinsu asibiti suka ce, wajen kashi ɗaya cikin uku suka zaɓi maganin addini. Amma da yawa daga cikinsu sun nuna tsoro da ƙyamar majiyyacin kansa. Wannan ya dace da abin da muke faɗa: asibiti ba shi ne abin gudu ba, sunan ne.

Inda buƙata ta yi yawa kuma wurin zuwa ya yi kaɗan, dole a sami ɓarna. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sami irinsa a Daura. Mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a raba su da shaye-shaye ko a gyara musu hali. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun ƙara dubban mutanen da suka ga abin da hankali ba ya ɗauka, kuma aka raba su da garuruwan da za su yi musu zaman makoki. A watan Janairu na 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta kuma amince da haƙƙoƙin majiyyaci.

8.0 Maganin Zantawa da Asirin Gida

Saura tambaya ɗaya: me ya sa maganin zantawa, irin wanda masana halayyar ɗan'adam ke yi, bai sami karɓuwa da sauri ba, alhali mun ce Bahaushe ya saba kai kuka wurin malam? Wannan hanya ta samo asali ne a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, a hannun Sigmund Freud da waɗanda suka biyo bayansa, kuma an gina ta a kan cewa sirrin mutum nasa ne, yana iya buɗe shi ga wanda ya ga dama. A wurin Bahaushe kuwa asiri na gida ne. Matar da ta zauna gaban bare ta faɗi abin da mijinta ko uwar mijinta ke yi mata, ba nata asirin kaɗai ta tona ba. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba", in ji masu iya magana. Malam yana tsallake wannan shinge domin an san shi, an san gidansu, yana da shekaru, kuma ana ganin tsoron Allah zai hana shi yaɗa magana. Ma'aikacin asibiti kuwa sau da yawa matashi ne, baƙo, yana rubuta abin da aka faɗa a takarda, wani lokaci ma sai da tafinta. Saboda haka matsalar ta amana ce, kuma amana abu ce da ake ginawa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin abu biyu da ake yawan gwamawa, watau haƙuri da ƙin magani, ta nuna cewa ba ɗaya ba ne. Haƙurin Bahaushe ya rayu ne a cikin jama'ar da ke lura da mai shi, kuma tare da shi ake zuwa wurin boka ko ɗan bori ko malam. Ɓoyo ya samo ƙarfinsa daga tsoron abin da sunan hauka zai jawo wa dangi wajen aure, gidan mahaukata na Turawa kuma ya ƙara masa tabon kurkuku. Duk mai son jama'a su karɓi maganin zamani, sai ya shigo da dangi da limamai da ungozomomi cikin aikin, ya kuma tabbatar wa mutane da rufin asirinsu.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan masana harshe musamman. Muddin kalmar da ke kan allon asibiti da bakin ma'aikaci ita ce "mahaukata", mai fama da baƙin ciki ko fargaba ko rashin barci ba zai taka ƙofar ba, domin ya san shi ba mahaukaci ba ne. Kalmomin da muka kawo a sashe na biyu suna nan a bakin tsofaffi, kuma akwai wasu a karin harshen Sakkwato da Katsina da Damagaram da Gobir da suka cancanci a tattara. Ya kamata ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku su tattara su, su tantance iyakar ma'anar kowace, su zauna da likitoci a daidaita su da cututtukan da aka sani, domin majiyyaci ya sami sunan da zai kira ciwonsa da shi ba tare da ya ji ya zubar da mutuncin gidansu ba.